Amsar tambayar Malam Tela kan ciwon wuya da ƙugu

Jama'a ga muryar da likitanmu na gashin ƙashi (mai gyaran tsoka da gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki) ya turo jiya da daddare, na rubuta ta saboda masu cewa ba su da data.

Assalamu alaikum, to Malam Tela na saurari saƙonka, ka yi haƙuri tun safe ina wajen aiki sai yanzu na zauna. Ka ce wuyanka da tsakanin kafaɗunka kamar an ɗora maka dutse, ƙugu kuma in ka tashi daga kan keken ɗinki sai ka yi tafiya a sunkuye kafin ka miƙe, kuma ka sha diclofenac har ka gaji, an yi kaho, an shafa man zafi, kwana biyu ya lafa ya dawo. To bari in yi maka misali da sana'arka tunda ka fi ni saninta, in zaren sama ya fi na ƙasa tauri me ke faruwa? Ɗinki ya tattare ko? Kuma ba za ka ɗauko dutsen guga ka ce shi zai gyara ba, tenshan ɗin za ka saita. Haka jiki yake wallahi, kowace gaɓa akwai tsokar da ke jan ta gaba akwai mai jan ta baya, in ɗaya ta ɗaure ɗaya ta yi laushi sai gaɓar ta karkata, kuma sau da yawa inda kake jin zafin ba nan ne mai laifin ba, shi dai ya sha wahala ne kawai.

Kai yanzu ka duba zamanka, awa nawa kana leƙen allura, kai a gaba, kafaɗu sun dunƙulo ciki. Kan mutum fa ya kai kilo 5, in yana zaune daidai a kan wuya ba matsala, amma in ya leƙo gaba tsokar ƙeya ce ke riƙe shi tun safe har dare, ita kuwa tsokar ƙirji ta gajarce, wadda ke tsakanin allon kafaɗu da ƴan ƙananan da ke gaban wuya can ciki sun yi barci. Ƙasa ma haka, tsokar da ta taso daga ƙashin baya ta bi ta matsematsi ta kama cinya tana ɗaurewa saboda zama, ɗuwawu kuma, ku yi haƙuri da kalmar, ya daina aikinsa, sai gadon baya ya ɗauki kayan da ba nasa ba. Wani likita ɗan ƙasar Cek, Vladimir Janda, shi ya yi suna wajen bayanin wannan abin, muna makaranta mun haddace shi kamar karatun allo.

To me za ka yi. Wadda ta ɗaure a miƙar da ita, wadda ta yi laushi a ba ta aiki, kuma na biyun nan shi ne mutane ke gudu, kowa na son a matsa masa jiki ya ji daɗi ya tashi, amma tausa ba ta sa tsoka ƙarfi. Ka tsaya a bakin ƙofar shagonka ka ɗora hannuwa a jikin ƙyauren dama da hagu, gwiwar hannu daidai kafaɗa, ka ɗan tura ƙirji gaba har ka ji yana ja, ka ƙirga daƙiƙa 30, sau uku. Ja nake nufi ba zafi ba. Sannan haɓa, ka ja ta baya kai tsaye kamar wanda aka kawo wa abu mai wari kusa da hanci, kar ka sunkuya kar ka ɗaga, ka riƙe daƙiƙa biyar, sau goma. Yaran shago za su yi dariya, ƙyale su. Sai ka samo robar tsohon tiyub na keke wajen mai faci, ka ɗaura a ƙarfen taga ka riƙa jawowa zuwa cikinka kana haɗe allon kafaɗu a baya, sau 12 ka huta ka sake.

Na ƙugu kuwa da asuba bayan ka idar da sallah tun kana kan darduma, ka kwanta rigingine ka tanƙwashe gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa, ka matse ɗuwawu ka ɗaga ƙugu sama a hankali ka sauke, sau 10 zuwa 15. In ka ji aikin a bayan cinya ko a gadon baya maimakon ɗuwawu to ka matso da dugaduganka kusa. Kuma tunda kekenka na takawa ne, kar ka bar ƙafa ɗaya kullum ita ce a gaba, ka riƙa sauyawa, kuma duk rabin awa ka miƙe ko ruwa ka je ka sha. Na san lokacin ɗinkin sallah wannan maganar tatsuniya ce, amma dai.

Kar ka yi kwana uku ka ce ba ka ga komai ba, ka ba shi kamar sati shida zuwa takwas. Maganin nan diclofenac kuma don Allah ka sassauta, shan sa kullum yana jawo olsa yana taɓa ƙoda.

Abu ɗaya da ba na wasa da shi, kuma wannan ga kowa a gurup ɗin nan, in ciwon baya ya zo da sagewar ƙafa ko ƙafa tana jan ƙasa, ko fitsari yana kufcewa ko ya ƙi fita, ko zazzaɓi da gumin dare da rama, wannan ba na motsa jiki ba ne, tarin fuka ma yana kama ƙashin baya, a tafi asibiti ranar, mu nan Kano ga asibitin ƙashi na Dala ga na Malam Aminu Kano duk suna da sashen gashi.

Gobe ka sa yaronka ya ɗauke ka hoto ta gefe kana kan keke kana ɗinki, kar ka gyara zama, ka turo min ta firabet in ga tsayin bencin nan, ina zargin ya yi maka ƙasa.