Ƙanena ya ce Allah ya ƙulla alkawari da Amurka, ina aka samo wannan?

Tambaya: Malam barka da aiki. Ƙanena yana karatu a Amurka, tun da ya shiga wani coci can ya canza, kullum turo mana bidiyo yake wai Amurka ƙasar alkawari ce, dole Kiristoci su karɓe gwamnati da kotu da makarantu, hujjarsa 2 Tarihi 7:14, inda Allah ya ce in mutanensa suka ƙasƙantar da kansu, suka yi addu'a, suka tuba, zai warkar da ƙasarsu. Mama ko barcin kirki ba ta yi. Wai a Littafi Mai Tsarki koyarwar nan take?

Amsa: Ƴar'uwa, ki gaida Mama, damuwarta tana kan hanya. Haɗa mulkin wata ƙasa da mulkin Allah abu ne daɗaɗɗe. Tun zamanin Sarki Konstantin na Rum, bishop Yusebiyus na Kaisariya ya rinƙa yabon daular Rum kamar inuwar mulkin sama ce, sai da aka far wa birnin Rum a 410 bishop Agustin ya rubuta littafi guda yana raba birnin Allah da birnin duniya. A Amurka kuwa tushen shi ne wa'azin John Winthrop na 1630, da ya ce wa ƴan Furitan (Kiristocin Ingila da suka yi ƙaura zuwa can) za su zama birni bisa tudu. Zancen karɓe gwamnati ya zo daga baya, daga wani malamin tauhidi na Amurka, Rushdoony, da littafinsa na 1973 da masu koyarwar duwatsu bakwai (wato Kiristoci su mallaki fannoni bakwai na rayuwa, irin su gwamnati da ilimi), su suka ɗauki Farawa 1:28, inda aka ba ɗan Adam iko kan kifaye da tsuntsaye da dabbobi, suka mai da shi iko kan maƙwabta.

To amma ayar nan ta ƙanenki ita ke ci min tuwo a ƙwarya, kusan kowane sati sai ɗalibi ya miƙo min waya da bidiyon wani ya sha kwat yana zufa yana ihu da ita, kuma da ka ji ka san bai karanta babin ba. Allah da Sulemanu yake magana fa, da dare, bayan an keɓe Haikali a Urushalima. Aya ta 13 ta ambaci fari da fara da annoba. Mutanen da ake nufi Isra'ila ne, ƙasar ma tasu ce, ba inda aka ce duk ƙasar da ta ga dama ta goge sunansu ta sa nata. A Sabon Alkawari, al'umma mai tsarki da 1 Bitrus 2:9 ya faɗa ikkilisiya ce, masu bi da ke warwatse ƙarƙashin sarkin da bai san Yesu ba, ba su da tuta ba su da soja. Birni bisa tudun ma almajirai aka gaya wa a Matiyu 5:14. Kuma mun ga inda hanyar nan ke kai mutane, Turawan Afrikana na Afirka ta Kudu ma sun ce sun yi wa'adi da Allah a 1838, da shi aka rinƙa wanke mulkin wariyar launin fata a kan bagadi. A Jamus sai da malamin tauhidi Karl Barth da wasu fastoci suka fitar da sanarwar Barmen a 1934 saboda coci ya riga ya fara durƙusa wa Hitila.

Kar ku yi masa faɗa a guruf ɗin gida, taurin kai zai ƙara. Ki kira shi ku biyu, ku karanta 2 Tarihi 7 tun daga aya ta 11, sannan ki kai shi Yahaya 18:36, ki tambaye shi me Yesu ya gaya wa Bilatus game da mulkinsa.