Amsa: Shin garin tsutsa zai iya maye gurbin garin kifi a abincin tarwada?

Malam, ka tambaya ko za ka iya daina amfani da garin kifi gaba ɗaya ka koma garin ƙwari. A ganina kada ka yi haka a tashi ɗaya.

Tsutsar baƙin ƙudan nan da masana ke kira Hermetia illucens ita aka fi amfani da ita, domin tana cin ragowar abinci da dusa, kuma cikin mako biyu zuwa uku ta kai girbi. Idan ta bushe, furotin ɗinta yakan kai kusan kashi 40 cikin 100, sai dai tana da maiƙo ƙwarai, shi ya sa ake tatse man kafin a niƙa, in ba haka ba garin yakan dunƙule a hannu, kuma ya yi saurin ɗoyi a buhu. Ɓawon jikinta ma yana da wuyar narkewa a cikin ƙananan kifaye, sannan ba ta da omega-3, wani nau'in mai da ke da amfani ga jiki, irin na garin kifi.

Tarayyar Turai ta halatta sa ta a abincin kifi tun 2017. Ka fara da maye gurbin kashi ɗaya cikin huɗu na garin kifin a kududdufi guda, kana auna nauyin kifayen duk bayan mako biyu kafin ka ƙara.