Yaya, ga dalilin da ya sa nake ajiye mota in shiga jirgi

Assalamu alaikum, Yaya. Da fatan kun tashi lafiya, ya su Hajiya da yara? Saƙon muryarka ya iso, na saurare shi har sau biyu. Ka ce abin ya ɗaure maka kai: mutum da motarsa amma kullum yana bin jirgin ƙasa, kuma in ka kira ni da rana ba na ɗauka, sai dai in rubuto maka cewa ina cikin jirgi. Har ka tambaya ko wani hali na shiga nake ɓoye muku. Wallahi lafiya lau nake, alhamdu lillahi. Tunda ba kai kaɗai ke yi mana wannan tambaya ba, bari in warware maka zare da abawa.

Jirgin nan ba irin na Rigasa zuwa Idu ba ne, wanda mutum zai haɗa jaka a raka shi da Allah ya kiyaye hanya. Wannan na zuwa aiki ne a dawo. Ni a garin Aurora na ƙasar Amurka nake zaune, wajen aikina kuma yana tsakiyar birnin Shikago, tsakaninsu kilomita sittin ne da 'yan kai. Ka ɗauka mutum yana kwana a Wudil, shagonsa yana Kantin Kwari, to har ya ɗan fi haka nisa. Hukumar jirgin sunanta Metra, tana da layuka 11 da suka bazu cikin gundumomi shida, duka suna ƙarewa a manyan tashoshi huɗu a tsakiyar birni. Namu layin, BNSF, a Union Station yake tsayawa. Motocin bas na garuruwan da ke kewaye da birni kuwa na wata hukuma ne daban, ana ce mata Pace, na cikin birni kuma na wata hukumar ne mai suna CTA, wadda ita ma tana da nata jirgin na cikin gari.

Maganar kuɗi ita ce ta fi sauƙin fahimta. Daga 1 ga Fabrairun 2024 aka rage shiyyoyin biyan kuɗi daga goma zuwa huɗu. A tsarin da aka fito da shi a lokacin, daga tsakiyar birni zuwa shiyya ta biyu dala 3.75 ne, ta uku 5.50, ta huɗu, wato tamu, 6.75. Zuwa da dawowa ya kama dala 13.50 ke nan a rana. Tikitin wata kuma dala 135. Yi lissafi da kanka: kwana goma na zuwa da dawowa sun cinye kuɗin, sauran kwanakin watan duk riba ce. In ka ɗora dala 30 a kai, za ka shiga bas ɗin Pace da na CTA da jirgin CTA iya son ranka har wata ya ƙare. In da mota zan tafi, kuɗin ajiye ta kaɗai a tsakiyar birni na yini guda yakan fi kuɗin jirgin, ba a zo kan mai da kuɗin hanya da cunkoso ba. Shi ya sa a cikin tarago za ka ga lauya da likita da mai gadi kujera ɗaya. Kuma ka sani, kuɗin tikiti kaɗai ba ya riƙe jirgin nan. Akwai harajin saye da sayarwa da ake karɓa a gundumomin shida, wani kaso nasa can yake tafiya. Ko takalmi na saya wa yaro na sa hannu a ciki, to don me zan ƙi morar abin da nake biya?

Da ka ga taragon da ka yi mamaki. Bene ne, amma saman ba a rufe tsakiyarsa ba. Kujeru ne a jere ta gefen dama da hagu, tsakiya a buɗe, yadda kwandasta zai bi ta ƙasa yana ɗaga kai ya duba tikitin na sama ba sai ya hau ba. Akwai ɗan maƙali na ƙarfe da ake soke tikitin takarda a jiki, ko da yake yanzu yawancinmu waya muke nuna masa, ta manhajar Ventra. Irin wannan tarago tun 1950 aka fara amfani da shi a layinmu. Kan jirgin dizal ne, kuma ba ya juyawa: in za a fita birni ya ja, in za a shiga ya turo daga baya, direban yana zaune a wani ɗan ɗaki a taragon gaba. A 2021 an ba kamfanin Alstom kwangilar ƙera sababbin taragai. Wutar nan da ka taɓa turo min bidiyonta kana salati, wadda ke ci a kan dogo a Janairun 2019, ba gobara ba ce. Da gangan ake kunna iskar gas a mahaɗar dogo don kada ƙanƙara ta daskarar da ita. A ranakun nan sanyi ya kai digiri 30 ƙasa da sifili.

Sai batun waya, wanda na san shi ne ya fi yi maka ciwo. Tsakaninmu da ku awa bakwai ne da hunturu, shida da bazara. Lokacin da ka idar da Azahar ka ce bari ka ji muryar ƙanenka, ni ƙarfe bakwai na safe ne, ina cikin jirgi. A lokacin tafiya aiki da tashi akwai taragai da aka keɓe don shiru, na biyu daga kowane ƙarshe, ba a waya a cikinsu, ba a ɗaga murya. A nan nake zama don in samu in yi azkar da karatun izu ɗaya kafin mu isa. Ka kuwa san gaisuwarmu ba ta raɗa ba ce. Ya gida, ya iyali, ya sanyi, ya jikin Hajiya, ba zan iya yanke maka ita a tsakiya ba, gara in bari sai na sauka. Ko mu da muke haɗuwa a tasha, in muna son taɗi da Hausa wani taragon muke komawa.

Abin da nake so ka fi ganewa shi ne, jadawalin jirgin nan ya shiga cikin zumuncinmu ya zauna daram. Mu a nan ba mu da unguwa guda. Hausawan Najeriya da na Nijar da 'yan Zango na Gana, wani yana arewacin birni, wani yana kudu, wani irina yana can yamma. Kafin ka je ka gaida ɗan'uwa sai ka shiga birni ka canza layi ka sake fita. Don haka in an yi haihuwa, ranar bakwai da asuba mutum uku ko huɗu na kusa za su hallara a raɗa suna a yanka rago inda ake yanka, amma taron sai Asabar. Na san wasu a gida suna ganin kamar mun sauya al'ada. Ba mu taɓa sunna ba, taron kawai muka matsar. Ranar Asabar ko Lahadi akwai tikitin yini na dala 7, ka shiga duk jirgin da kake so, kuma yara uku 'yan shekara 11 zuwa ƙasa suna bin babba kyauta. Mace da 'ya'yanta za ta ratsa yankin gaba ɗaya da tukunyar masa a hannu a kan dala bakwai. In ka ga takardar gayyata ta ce a hallara ƙarfe biyu da rabi, mai gida ya duba lokacin isowar jirgi ne, kuma za a tashi kafin na dawowa ya wuce. Jana'iza ce kaɗai ba ta jiran jadawali, nan kowa ya ajiye abin da yake yi ya ɗauko mota.

Bas ɗin Pace na garuruwan kewaye shi ne inda baƙo ke shan wuya. Kuɗinsa ba yawa, dala 2 da kati, 2.25 da tsabar kuɗi. Wasu motocin ma suna da gata, kamar masu bin babbar hanyar I-55, da aka ba su izini tun 2011 su hau kafaɗar titi in cunkoso ya yi yawa. Amma garuruwan a warwatse suke, wani layin sai bayan rabin awa ko awa guda, wani kuma ba ya fita ranar Lahadi. Babu ɗan acaɓa a bakin tasha, babu a-daidaita-sahu, babu kwandasta mai kiran saura mutum ɗaya.

Wani hunturu da ya wuce wani yaro ɗalibi, sati biyu da zuwansa, ya zo mana ziyara ranar Lahadi. Jadawalin ranakun aiki ya karanta, bai san na Lahadi daban ba ne. Ya sauka da dare ya tsaya jiran bas, da 'yar rigar sanyin da ya saya a Kano, irin ta jaura. Kunya ta hana shi kira, kada ya ɗora wa mutane nauyi. Sai da yatsunsa suka fara ƙin danna waya sannan ya rubuta a zaurenmu na WhatsApp. Da na isa na tarar da shi a jikin bango, hannuwa a hammata, leɓɓansa sun bushe, yana ta ba ni haƙuri. Na kunna masa ɗumin mota, muka yi kusan minti goma a tsaye kafin ya iya riƙe kofin shayi. Tun daga ranar muka ƙara ƙarfafa abin da dama muke yi. Duk baƙon da ya sauka, kafin a kai shi kasuwar nama ta titin Devon, sai an damƙa masa katin Ventra da kuɗi a ciki, wani ya raka shi tafiyar farko ya nuna masa yadda ake karanta jadawali. Wanda ya gayyace ka kuma shi zai ɗauko ka a tasha ya mayar da kai, kuma ba zai juya mota ba sai ya ga ƙofar tarago ta rufe. Ka ga amfanin motar ke nan. A tashar Aurora take yini, da yamma ta kai ni gida, ranar Asabar kuma ta zama ta jama'a.

Dattawanmu da suka kai shekara 65 muna cika musu takardar rangwame, suna biyan kusan rabi. Mai neman gidan haya kuwa, kafin a tambayi ɗaki nawa ne, sai an tambayi minti nawa ne zuwa tasha, minti nawa zuwa masallaci. Masu aiki a tsakiyar birni a masallacin titin State muke Juma'a mu koma bakin aiki. Da azumi dabino uku da gorar ruwa ba sa barin jakata, don sau da yawa a cikin tarago rana ke faɗa mini.

In kana son mu yi hira ta sosai, kira ni ranar Lahadi bayan kun yi Isha'i, lokacin ina gida na idar da Azahar. Ka haɗa ni da Hajiya ranar, ka kuma gaya mata jikokinta suna gaishe ta.