Amsa ga Yarona a Kan Jirgin da Ya Tashi da Lalatacciyar Na'ura

Ɗana, ka tambaye ni jiya a rumfar gyara yadda aka yi kyaftin ya karɓi jirgin Tamale alhali mun manna takarda a kan na'urar hango hadarin ruwan sama cewa ba ta aiki, bayan ka taɓa ganin wani kyaftin ya ƙi tashi a kan wannan matsala ɗin.

Kowane jirgin fasinja yana da littafin da muke kira MEL, wanda hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Ghana take amincewa da shi ga kowane kamfanin jirage na ƙasar. A cikinsa aka jera kayan da jirgi zai iya tashi ba tare da su ba, da sharuɗɗan yin haka, da wa'adin gyara: wasu kwana 3, wasu kwana 10, wasu har kwana 120. Na'urar hango hadari tana cikin jerin, amma da sharaɗin cewa ba a hasashen hadari mai tsawa a kan hanya. Jiya muna tsakiyar hunturu, sama babu komai sai hazo. Wancan karon kuwa damina ce, gajimare sun haɗu tun daga Kumasi zuwa arewa, saboda haka kyaftin biyun duk sun yi daidai.

Abin da nake so ya zauna maka shi ne, littafin nan izini yake bayarwa, ba ya tilasta wa kowa. Ko da mun sa hannu, ko da manaja yana ta kallon agogo, kyaftin ne mai magana ta ƙarshe, kuma idan ya haɗa ƙananan matsaloli biyu ko uku da yanayin sama da gajiyar ma'aikatansa ya ce ba zai tashi ba, kada in taɓa jin ka yi gunaguni a bayansa.

Namu nauyin ya fi ɓoyuwa, shi ya sa ya fi ba ni tsoro. A ranar 20 ga Agusta 2008, wani jirgin Spanair ƙirar MD-82 ya dawo daga bakin titin tashi a Madrid saboda na'urar auna zafin iska ta yi zafi fiye da kima. Masu gyara suka katse wutar da ke ɗumama ta, suka duba littafin ya halatta, suka sallami jirgin ba tare da gano tushen matsalar ba. A yunƙuri na biyu matuƙan suka manta ba su sauke ƙananan fikafikan da ke taimaka wa jirgi ɗagawa ba, ƙararrawar da ya kamata ta gargaɗe su kuma ta yi shiru. Mutum 154 suka rasu. Allah Ya kiyaye mu da irin wannan rana.

Tun daga lokacin, duk sanda na buɗe littafin nan, sai na tambayi kaina ko na san dalilin lalacewar, ko kuwa alamarta kawai na rufe. Kyaftin ba ya shiga cikin wayoyi, da abin da muka rubuta a littafin jirgi yake yanke hukunci, don haka ka rubuta ainihin abin da ka gani, har da abin da bai gamsar da kai ba.

Gobe bayan sallar asuba ka same ni a filin jirgi, mu buɗe shafin na'urar tare, ka karanta mini sharuɗɗan da bakinka.