Filin Tambayarku: Na Mayar wa Maƙwabciyata Kwanon Buronya

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Ni matar aure ce, shekarata 6 a wani gidan haya a Aboabo, nan Kumasi. Ɗakin da ke kallon nawa na wata dattijuwa ce 'yar Asante, Kirista, duk gidan Maame muke ce mata. Kowace Buronya, wato Kirsimeti, takan aiko mana da dafa-duka da kaza da biskit na yara, ni ma da Babbar Sallah nakan kai mata naman layya. Bara ƙanin maigidana ya zo hutun makaranta ya tarar da kwanon, ya ce cin abincin Kirsimeti haramun ne, yi musu barka ma haramun ne. Na tsorata, na ba yarinya ta mayar da kwanon yadda ya zo. Tun daga ranar gaisuwa ce kawai ke haɗa mu, ita ma sama-sama. Da Sallah na kai mata nama, ta karɓa ta yi godiya amma ba ta kalli fuskata ba. Ga Disamba ta sake zagayowa, raina ba daɗi. Yaya zan yi? Daga 'yarki a Aboabo.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yata. Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma inda na fi tsayawa shi ne wurin yarinyar nan da kika aika. Ki tuna tsakar gidan haya irin namu, inda kowa ke girki a ƙofar ɗakinsa, ba abin da ke ɓuya. Dattijuwa ta tashi tun da asuba cikin sanyin hunturu ta hura gawayi, ta zaɓo cinya ta ɗora a kan shinkafarku, sai ga ƙaramar yarinya ta dawo mata da kwanon a rufe, a kan idon 'yan haya. Mu Hausawa mun ce ba a mayar da hannun kyauta baya, Asantawa ma ba su ɗauki abin da wasa ba. Ciwon da ke ranta na wulaƙanci ne, ba na addini ba, don haka ta nan za ki fara gyara.

Ni a Akwatia Line na tashi, kuma muna da maƙwabciya irin taki. Duk ranar 24 ga Disamba da yamma takan shigo gidanmu riƙe da zakaru biyu an ɗaure musu ƙafa da tsumma, ta tsaya daga bakin zaure ta ce a kira mata Kramo, wato mahaifinmu, domin da wannan sunan Asantawa ke kiran Musulmi. Baba ya wasa wuƙa, ya fuskanci alƙibla, ya yi bisimilla ya yanka, mu yara mu kai mata. Ba wanda ya tilasta ta. Ta yi ne don in ta dafa mu ci hankalinmu kwance, har tukunya dabam take da ita wadda naman alade bai taɓa shiga ba. A 1999 Kirsimeti ya faɗo a tsakiyar azumi. Ina aure a lokacin, na zo gida shan ruwa, na ga matar nan ta riƙe abincinta tun rana ba ta aiko ba. Sai da aka kira magariba ta shigo da kanta, kwanon naɗe da zane don kada ya huce, ta haɗo da lemo da ayaba. Da Allah ya yi wa Baba rasuwa, kwana uku tana zaune a tabarmar mata da ɗankwali a kanta. Ba ta taɓa barin cocinta ba, mu ma ba mu taɓa taka shi don ibada ba.

Maganar ƙanin mijinki kuwa, kada ki riƙe shi a zuciya. Yaro ne mai kishin addini, kuma ba daga iska ya ɗauko zancen ba, sai dai ya haɗa abubuwa uku ya ɗaure su da igiya ɗaya: karɓar kyauta, gaisuwa, da shiga ibadar wasu.

Shiga ibada ba namu ba ne, wannan babu jayayya. Mu mun yi imani Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, bawan Allah ne kuma manzonsa, labarin haihuwarsa na nan a Suratu Maryam. Su abin da suka yi imani da shi dabam ne. Maame ta san haka, shi ya sa shinkafa ta aiko miki, ba takardar gayyata zuwa coci ba.

Kyauta kuma, ki ce wa ƙanin naku ya buɗe Suratul Mumtahana aya ta 8, inda Allah ya ce bai hana mu kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu saboda addini ba, ba su kuma kore mu daga gidajenmu ba. Ya duba Suratul Ma'ida aya ta 5 a kan abincin Ma'abota Littafi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karɓi kyautar Muƙauƙisu mai mulkin Masar, wanda Kirista ne. Ko Ibn Taimiyya, da ya tsananta ƙwarai a kan shiga bukukuwan waɗanda ba Musulmi ba, ya halatta karɓar kyautarsu a ranar idinsu, inda ya yi togaciya shi ne naman da aka yanka musamman domin idin. Wato a kan nama ne zancen yake, kuma Zango, wato unguwannin Musulmi a nan Gana, ta daɗe da samo masa mafita: a kawo mu yanka. Galibin mahautan da ke Kejetia da sauran kasuwannin garin nan ma Musulmi ne. In kazar ƙanƙara ce ta kwali, a duba kwalin, da yawa akwai tambarin halal a jiki. In duk da haka zuciyarki ba ta natsu da naman ba, ki karɓa da hannu biyu, yara su ci biskit, sauran ki ba wanda zai ci ba tare da kowa ya ji ba. Giya da alade ba sai na faɗa ba, ita ma ba za ta aiko miki da su ba.

A kan gaisuwa ne malamai suka rabu da gaske. Ibn Ƙayyim da masu bin fahimtarsa sun hana taya murnar idin da ke ɗauke da aƙidar da ba tamu ba. Wasu na baya, irin su Shehu Yusuf Ƙardawi da hukumar fatawa ta Masar, sun halatta in nufin zaman tare ne. Ni abin da na ga iyayenmu na yi shi nake yi. Ki saurari gaisuwar da Asantawa ke yi a watan nan: Afishapa. Babu sunan kowa a ciki, fatan shekara ta zagayo da alheri ne kawai. Amsar da ake bayarwa kuma tana nufin shekara ta je ta dawo ta same mu da rai. Me ya raba wannan da Allah ya maimaita mana da muke cewa da Sallah? Ki ce mata Afishapa da sakin fuska, ki tambayi jikokinta, kin gama.

Akwai abin da nake so matasanmu su riƙa tunawa. Ƙidayar 2021 ta nuna Kiristoci sun haura kashi 71 cikin 100 na mutanen Gana, mu Musulmi kusan kashi 20. Da wannan ƙarancin, tun zamanin mulkin Jerry Rawlings ranakun Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah suka zama hutun ƙasa, Kirista ma yana hutawa saboda idinmu. Mukan tare hanya da dawaki da babura ranar Sallah, jinin layya ya bi kwata ya wuce ta ƙofar mutane, su kawar da kai su ce mana barka da Sallah da Hausarsu mai daɗin ji. Kuma Babban Limamin Ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, a watan Afrilun 2019 da yake cika shekara 100, ya je cocin Katolika na Christ the King a Accra ranar Ista ya zauna ya gaisa da su. An yi ta ce-ce-ku-ce, amma ziyara ya kai, ba bauta ba. Ba na ce ke ma ki je coci ba. Cewa na yi in dattijon da ya kwashe rayuwarsa yana karantar da Alƙur'ani ya iya taka ƙafa har can don zumunci, tsallaka tsakar gida ba zai gagare ki ba.

Kada ki jira ranar 25. Cikin makon nan ki dafa abin da kika san tana so, ko waake da shito ne ko tuwon zafi da miyar ayoyo, ki ɗauka da kanki, kada ki aiki yaro. Ki durƙusa ki gaishe ta kamar yadda za ki gaida uwarki, ki ce mata Maame na yi kuskure bara, tsoro ne ya sa ni, ki yafe mini. Ba sai kin ja dogon bayani ba, kada kuma ki ambaci ƙanin mijinki, kar ki gyara ɓaraka ɗaya ki buɗe wata. In ta sake, sai ki ce bana in za ta yanka kaza, maigida na nan. Ki fara shawartar maigidan kafin ki yi masa alkawarin wuƙa. Mai yiwuwa ba za ta sake a ranar farko ba, shekara guda ta yi tana haɗiye abin. Ki ci gaba da gaisuwa, ki riƙa tura yara su ɗebo mata ruwa.

Tambaya: Hajiya barka da aiki. Ni tela ne a Asawase. Akwai coci a bayan shagona, inda nake kwana. Daren 31 ga Disamba ba a barci, ganga da lasifika har gari ya waye. Ni da abokaina muna shirin zuwa mu yi musu magana da kakkausar murya. Me kika gani?

Amsa: Ɗana, kada ku je a gayya, kuma kada ku je a daren. Matasa biyar a ƙofar coci da tsakar dare, ko da alheri suka zo, ba haka za a fassara ba, kuma ƙaramar magana a unguwa irin Asawase kan zama abin da sai sarakunan Zango sun zauna a kansa. Wannan dare ɗaya ne a shekara, suna raya shi ne da addu'ar shiga sabuwar shekara. Mu fa? Goman ƙarshe na azumi lasifikar tahajjud ba ta yin shiru, ga wa'azin dare, ga Mauludi, ga kiran asuba kullum, su ma suna da jarirai da marasa lafiya. Laifi tudu ne.

In ƙarar ta zama ta kowane mako har tana hana ka aiki, wannan hakkinka ne ka nema. Ka sami limamin unguwarku ko wani dattijo, ku je wurin faston da rana tsaka, ku gaisa, ku roƙi a juya lasifikar ta kalli cikin coci ko a rage ta bayan ƙarfe 12. Ka kuma duba littafin awonka na watan nan, ka ga kayan Buronya nawa ka karɓa, kuma daga hannun su wa. Daren 31 ɗin, in da hali, ka je ka kwana wurin 'yan'uwa a Sawaba, da safe ka dawo ka buɗe shago.