Amsar tambayarka kan karatun zane a Ingila

Ɗana, na ga saƙonka tun shekaranjiya, ban amsa ba ne don ina so in samu zama in rubuta maka a tsanake, maganar ta fi ƙarfin saƙon murya na minti biyu. Ka turo min hotunan zanenka guda takwas, duk fuskokin mutane da fensir, ka ce tunda ka gama sakandare kana so ka zo nan Ingila ka karanci zane, kuma kana tambaya ko waɗannan sun isa a ɗauke ka. Toh zanen dai ya yi kyau wallahi, musamman na tsohon nan mai furfura, har Antinka sai da ta ce ai hoto ne aka ɗauka da waya. Amma ba zan ɓoye maka ba, in ka tura waɗannan takwas ɗin su kaɗai, da wuya su kira ka. Ba wai hannunka ne bai iya ba. Abin da suke nema ne daban, ni ma sai da 'yata, ƙanwarka, ta yi shekara huɗu tana darasin zane a makaranta a gaban idona sannan na gane.

Bari in ba ka labarinta, shi zai fi fahimtar da kai. Ita ma da ta fara irinka ce sak, a ba ta hoto ta kwafe shi tsaf, gashin gira ma sai ta ƙirga. Tana shekara 14 ta zaɓi zane cikin darussan GCSE, jarrabawar sakandare ta nan da ake yi a shekara 16, duk muna ganin ai wannan maki ne na ɓagas. Zangon farko aka kira iyaye, na je da fara'ata ina jiran yabo, malamar ta buɗe littafin zanenta ta ce yarinyar nan tana da hannu amma tana tsoron ɓata takarda. Shafi goma, zane goma, duk a gyare, babu inda ta gwada wani abu ya ƙi. Ni a raina na ce yo ba haka ake so ba? Ashe ba a nan gizo yake saƙa ba.

Makin nasu kashi huɗu ne kuma kowanne daidai yake da ɗan'uwansa. Akwai yadda ka ɗauko tunani ka raine shi, kana duba aikin masu zane da suka riga ka. Akwai gwaji, wato ka taɓa kayan aiki iri-iri ka ga wanne ya karɓi abin da kake son faɗa. Akwai tattara abin da idonka ya gani, da zane da hoto da 'yan rubuce-rubuce a gefen shafi. Sai na ƙarshe, aikin da ka kammala. Ka ga kenan wancan kyakkyawan zanen da ake ratayawa a bango, wanda mu muke ɗauka shi ne komai, rubu'i ɗaya kawai yake ci. Sauran ukun suna cikin littafin da ake ta dagwalgwalo a ciki.

Gwajin farko da na tuna shi ne bugu da leda. Wata leda ce mai kauri mai laushi kamar ta shimfiɗar ɗaki, ana sassaƙa ta da 'yar wuƙa mai baki kamar kwalbati, inda ka rarake zai fito fari, inda ka bari shi zai ɗauki tawada, sai ka kifa takarda a kai ka danne. Ta kwana uku tana sassaƙa wani tsohon kwaɗo da mukullinsa, ta sa rubutu a ƙasa, ta yanke yatsa har sau biyu, da aka buga sai ga rubutun ya fito a juye kamar a madubi. Ta manta cewa duk abin da ka sassaƙa a dama a hagu zai fito. Ta dawo gida ta yi kicin-kicin da fuska wai za ta yage shi, ashe malamar ta riga ta ce mata kul, ta manna shi a littafi ta rubuta abin da ya faru da abin da za ta sauya. Wannan shafin da ya lalace sai da ya fi wasu masu kyau kawo mata maki, don ya nuna daga ina ta taso.

Daga nan fa sai abin ya shige ta, gidan ya koma kamar na maƙera. Ta kama maganar tsatsa, wai tana so ta ga yadda abu yake tsufa. Ta riƙa tsinto tsofaffin ƙusoshi da sarƙar keke da murfin gwangwani, ta naɗe su a farin ƙyalle, ta yayyafa binega da gishiri, ta ƙulle a leda ta ajiye bayan ƙofar kicin kwana biyu ko uku. In ta warware sai ka ga ƙarfen ya bar hotonsa a jikin ƙyallen, ja-ja, wani wurin kamar zuma wani wurin har ya yi baƙi, wani ma tsatsar ta cinye zaren ta huda shi. Ranar wata Asabar ina share-share na ci karo da ƙullin nan yana wari, na ce wane irin ƙazanta ne wannan, na wurga shi a bola. Ai kuwa na ga tashin hankali. Ni da girmana, da tocilan ɗin waya, cikin sanyi, ina tonon kwandon shara da daddare. Mun same shi kuwa, kuma wai ya fi sauran kyau saboda ya ƙara kwana. Har yau in ta so tsokanata sai ta ce ai Baba ma da hannunsa a aikin.

Bayan tsatsa ta koma wani da ake buga hoto da hasken rana, sayanotayif suke ce masa. Tsohuwar dabara ce, wani Bature John Herschel ya gano ta a 1842, wata mata mai nazarin tsirrai Anna Atkins ta yi amfani da ita tun 1843 tana buga hotunan ciyayin teku. Ruwan magani biyu ake haɗawa a shafa wa takarda a wuri mai duhu, in ta bushe ka ɗora ganye ko mukulli ko leshi a kai, ka danne da gilashi ka kai rana, sannan ka wanke da ruwa zalla. Inda rana ta taɓa ya zama shuɗi mai duhu, inda abin ya rufe ya tsaya fari. Matsalar ita a watan Nuwamba ta fara, kuma ranar nan ta hunturu sai dai sunan rana, ƙarfe huɗu ta faɗi. Takardun farko duk suka fito fari-fari kamar an wanke shuni. Sai ta yanka takarda gida shida, ta riƙa janye kwali kaɗan-kaɗan tana rubuta mintin da kowane gida ya sha a rana, har ta gano lokacin da ya dace. Ni da na ga shafin cewa na yi wannan ai kimiyya ce ba zane ba. Malamar kuwa shi ta ɗaga ta nuna wa 'yan aji.

Kuma ba a barinka ka yi ta gwaji kai kaɗai kamar ba a taɓa yin zane a duniya ba, dole ka nuna wa ka kalla kuma me ka ɗauka a wurinsa. An kai su Tate Modern a Landan, tsohuwar tashar wutar lantarki ce a bakin kogin Thames da aka mayar gidan ajiye zane a 2000, shiga kyauta ne. A can ta ga hoton dodon koɗi da Matisse, wani mai zane ɗan Faransa, ya yi a 1953, takardu ne masu launi kawai aka yayyanka aka manna, ya yi shi ne da tsufa lokacin jiki ya ƙi, tsayuwa da burushi ta gagara sai almakashi. Ni dai har yanzu ban ga dodon koɗi a ciki ba, gaskiya. Amma ita daga nan ta samu dabarar yayyanka ƙyallayen tsatsar da shuɗayen takardun ta ɗinke su wuri ɗaya, shi ne ya zama babban aikinta a A-level, wato karatun shekara biyu na bayan GCSE kafin jami'a.

Tunda na ambaci A-level, ga yadda yake a hukumar jarrabawar da makarantarsu ke bi, AQA. Kashi 60 cikin 100 binciken da ka zaɓa wa kanka ne, da rubutu na kalma 1000 zuwa 3000 a kai, eh, mai zane ma sai ya yi rubutu. Kashi 40 kuma su za su turo jigo a farkon Fabrairu, ka yi makonni kana shiri, sannan a zaunar da kai awa 15 a ƙarƙashin sa ido ka fitar da aikin, su kwana uku aka raba musu. A GCSE awa 10 ne. Malamanka ne za su ba da maki, sai wani ya zo daga hukumar ya duba ko sun yi daidai.

Toh kai ba ta nan za ka shigo ba. Makarantun gwamnati na sakandare ba sa ɗaukar wanda ya zo da bizar ɗalibi, kuma ka ma wuce wurin. Ƙofarka ita ce ko dai shekarar share fage da suke kira fandeshan, ko digiri kai tsaye ta UCAS, hukumar da ake neman jami'a ta hannunta, wanda yawanci ake rufe nema a watan Janairu. Ni fandeshan nake ganin ya fi dacewa da kai. Shekara ɗaya ce, watannin farko za su zagaya da kai, yau zane, gobe yumɓu, jibi ɗinki ko hoto ko zanen kwamfuta, sannan ka zaɓi inda ka fi ƙarfi ka yi babban aiki a ƙarshe. Da yawa suna shiga da niyyar fenti su fito suna tsara tufafi ko gini. Ko manyan makarantun zane na Landan ne irin su Central Saint Martins da Slade, ko ta Glasgow can Sikotilan, ko ƙaramar kwaleji a wani gari, abu ɗaya za su fara tambaya, fotfoliyo, wato tarin aikinka, kuma a ciki suna son ganin shafukan littafin gwaji, ba gamammun zane kaɗai ba. Kwafar hoto daga waya kuwa suna gane shi da kallo ɗaya.

Akwai abin da zan gaya maka tun yanzu kada ka zo ka yi tsuru-tsuru. A manyan makarantun zane ana yin darasin zana jikin mutum, wani lokaci wanda ake zanawa ba tufa a jikinsa. Ka rubuta musu ka tambaya tun kafin a biya ko kwabo, dole ne ko zaɓi, kuma me suke ba wanda ba zai shiga ba. Ba abin kunya ba ne, sun saba da tambayar. Kuma akwai fannoni da yawa, zanen tallace-tallace, saƙa da rini, tukwane, tsara kayan amfani, da ba ruwansu da wannan sosai.

Maganar kuɗi kuma ni da mahaifiyarka za mu yi ta, amma ka san inda aka dosa. Kuɗin makaranta na baƙo a Landan ya haura fam 20,000 a shekara. Ban da shi sai ka nuna kuɗin zama, sama da fam 1,000 a kowane wata na wata 9, na Landan ya fi haka, kuma su kwana 28 a jere a asusu ba a taɓa ba. Ga kuɗin lafiya fam 776 a shekara, ga gwajin tarin fuka kafin biza. Aiki awa 20 a mako aka yarda wa ɗan digiri lokacin karatu, wanda yake ƙasa da digiri awa 10. Sannan wanda ya fi shafarka, ka ce za ka riƙa zana fuskokin mutane kana sayarwa kana riƙe kanka. A'a. Bizar ɗalibi ta hana sana'ar kai, ka karɓi kuɗi a kan zane da sunanka na iya jawo a soke maka bizar ɗungurungum, ka cire wannan daga lissafi. Kayan aiki ma, takarda da fenti da tawada, mafi yawa daga aljihunka za su fito, kuma suna cin kuɗi kamar me.

Don haka ga abin da nake so ka yi, kuma ba ya buƙatar biza. Ka sayi littafi mai farin shafi, kada ka sayi mai tsada don tsoron ɓata shi zai hana ka taɓawa. Ka zaɓi abu ɗaya da ke gabanka, ko tsohon takalminka ne, ka ajiye waya ka kalle shi da idonka. Zana shi da gawayi a minti biyu, sake shi da hannun hagu, sake shi da tawada da tsinke, shafa wa tafinsa fenti ka taka takarda, yayyanka jarida ka haɗa siffarsa da gam. Kowane shafi ka sa kwanan wata da layi biyu, me na gwada, me ya ƙi, me zan yi gobe. Wanda ya yi muni kada ka kuskura ka yage. In ka yi wata guda a haka ka ɗauki hoton shafukan da rana, kusa da taga, ba da fitilar waya ba, ka turo. Ƙanwarka ta ce za ta duba maka, amma ka shirya, bakinta ba ya da linzami, nawa zanen ma da na gwada cewa ta yi kazar ta fi kama da buta. Ka gaishe min da Mamanka, ka ce mata zan kira ranar Lahadi in Allah ya kai mu.