In kai goɗiyata baye, ko in haƙura in sayi doki?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana goɗiya 'yar shekara 7. Ina son dokin da ɗana zai riƙa hawan Sallah da shi, amma farashin doki ya fi ƙarfina yanzu. Abokaina sun ce in kai ta baye in samu dukushi kyauta. Damuwata ita kaɗai Baba ya bari, ina tsoron kada in rasa ta. Mene ne shawararka? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan mahaifinku. Malam, tsoronka yana kan hanya, kuma dukushi ba kyauta ba ne.

Cikin goɗiya wata 11 ne, wajen kwana 340, ga shi ba kowane baye ke kamawa ba, amma kuɗin mai ingarma sai ka biya. In ta haihu lafiya, ba a ɗora wa dukushi sirdi sai ya kusa shekara 3, ba kuma zai jure nauyin kayan hawa da zafin rana ba sai ya kai 4 ko 5. Duk tsawon nan baki biyu kake ciyarwa, harawa da dusa da gero da kanwa, kai ma ka san yadda damin harawa ke tsada da bazara. Bayan duk wannan ta iya haifa maka mace, alhali ingarma ake fita da shi hawan Bariki. Launi ma ba zaɓinka ba ne, kana mafarkin kili sai a ba ka akawal.

Mai saye kuwa yana ganin abin da zai biya. In ka je Maigatari ko Mai'adua, buɗe baki ka duba haƙora, ka shafa ƙafafu huɗun ka ji ko akwai zafi ko kumburi, ka sa a yi sassarfa da shi a ƙasa mai tauri. In da hali ka sake ganinsa bayan kwana biyu, don akwai masu yi wa gurgun doki allurar kashe zafi da safiyar kasuwa, ya yi ta rawa gaban dillali, sai ka kai shi turke ɗingishi ya dawo.

To, ga abin da ya fi ƙona mini rai. Kullum sai na ji ana cewa, "Ai dabba ce, da kanta za ta haihu, kamar saniya." Goɗiya ba saniya ba ce! Saniya takan daɗe tana naƙuda a ciro maraƙi da rai. Goɗiya da zarar faya ta fashe, minti 20 zuwa 30 ne ɗan ya fito. In ya wuce haka akwai matsala, ɗan yana shaƙewa a ciki, kuma yawanci tsakar dare abin ke faruwa, kowa na barci. Sai a kira wani mai tallar maganin dabbobi a kan babur, wanda ko barga bai taɓa kwana ba, ya danna mata allurar ƙara naƙuda ba tare da ya duba yadda ɗan ya kwanta ba. In ƙafa ta lanƙwashe a ciki, allurar nan tana iya yaga mahaifa. Ko kuma a tara ƙarti a ɗaura igiya a yi ta ja.

Sai mabiyiya. A saniya ana iya jira. A goɗiya in ta wuce awa 3 ba ta faɗo ba, maganar gaggawa ce. Mutanenmu kuma me suke yi? A ɗaura mata dutse, ko a fizge ta da hannu, guntu ya tsinke ya zauna a ciki ya ruɓe. Kwana ɗaya zuwa biyu zazzaɓi ya rufe ta, dafin ya sauka kofato, ka ga goɗiya ta turje ta kasa taka ƙasa. Da yawa ba sa tashi daga nan. Sannan ne ake nemana, a ce wai maita ce ko sammu. Wane sammu?

Haka dakashi. Har yanzu akwai masu tatse shi su zubar, wai ƙazamin nono ne. Dukushi ba ya zuwa duniya da garkuwar jiki, daga dakashin nan yake samunta, kuma bayan kwana guda hanjinsa ya daina ɗaukarta. Ya kamata ya miƙe cikin awa ɗaya, ya kama nono cikin awa biyu. Cibiya kuma aidin ake sa mata, ba toka ko kashin shanu ba, don doki na cikin dabbobin da tetanus, ciwon nan mai sandarar da jiki, ya fi saurin kashewa. Dabbar nan amana ce, Malam, za a tambaye mu a kanta.

Shawarata, ka bar goɗiyar Baba ta huta, kuɗin harawar da dukushi zai ci ka riƙa tarawa, ka sayi ɗan shekara 4 ko 5 wanda aka riga aka hora. In kuwa zuri'arta kake so ta ɗore, wannan dalili ne mai ƙarfi, ba zan hana ka ba. Amma likita ya fara duba ta kafin baye, a yi mata rigakafin tetanus saura wata guda ta haihu, kuma lambar wayarsa ta kasance a hannun mai kwana a barga.